Ina so in ɗora wa BMW ɗina turbo: ta ina zan fara shirya injin?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ina da BMW E36 325i ƙirar 1994, ita nake hawa zuwa aiki a Kaduna, ƙarshen mako kuma nakan ɗan wasa da ita a fili. Wani abokina ya samo min turbo na babbar mota a Panteka. Bakanike ɗaya ya ce kada in kuskura in ɗora sai na sauya fistin da kwanrod gaba ɗaya, wani kuma ya ce injin BMW ƙarfe ne, in ɗaura kawai in taka. Ban taɓa yin wannan aikin ba, kuma ba na son injin ya buga. Me ya kamata in yi wa injin kafin turbo ya hau?"

Wa'alaikumus salam ƙanena. Idan na fahimce ka, kana son ƙarin ƙarfi a motar da ba ka da wata sai ita, kana kuma son ta tashi kowace safiya ba tare da fargaba ba. Kanikawan nan biyu kowanne ya riƙo wani ɓangare na gaskiya. Wanda ya ce injin yana da ƙwari bai yi ƙarya ba, wanda ya ji tsoro ma yana da dalili. Sai dai dukansu sun tsallake wurin da matsalar take. A ɗan matsin iskar da ya dace da aikin farko, ba raunin fistin ne ke kashe injin ba. Zafi ne, da ƙarancin fetur a lokacin da injin ke tsananin buƙatarsa, da wutar fulogi da ke tashi kafin lokacinta. Kuɗinka da hankalinka can ya kamata su tafi, shi kuwa turbo ɗin ka ajiye shi a kwali tukuna, shi ne na ƙarshe da zai hau.

Abin da turbo ke yi wa injin

Aikin turbo irin na zugazugin maƙeri ne: yana tura iska da ƙarfi don wuta ta ƙara ci. Hayaƙin da ke fita daga injin shi ke juya farfela ɗaya, ita kuma ta juya 'yar'uwarta da ke cusa iska cikin silinda. Dabarar ta daɗe, wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, ya yi mata rajista tun 1905. Iskar da muke shaƙa matsinta kusan bar 1 ne. Idan turbo ya ƙara rabin bar a kai, wato kusan psi 7, injin zai haɗiyi iska da ta fi ta da da kusan rabi, dole kuma a ƙara masa fetur daidai wannan gwargwado. Injinka ya fito daga kamfani da ƙarfin doki 192. Da rabin bar da saiti mai kyau, za ka iya kaiwa tsakanin 260 da 280. Wanda bai taɓa tuƙa E36 mai wannan ƙarfin ba zai ɗauka kaɗan ne, amma ranar da ya taka zai gane wata mota ce daban.

Ga inda haɗarin yake. Iskar da aka matse zafi take yi. A ranar da zafin gari ya kai digiri 40, kamar yadda muke gani a watan Afrilu, iskar da ke fitowa daga turbo a rabin bar tana iya kusantar digiri 95 kafin a sanyaya ta. Fistin kuma ya zo ya sake matse ta. Idan zafi da matsi suka wuce abin da fetur ɗin zai iya jurewa, ragowar cakuɗin da wutar fulogi ba ta kai gare shi ba sai ya fashe da kansa a lokaci guda. Wannan shi ne detoneshan. Yana karya gaɓar fistin da ke tsakanin ringi da ringi, yana ƙona gaskit, yana daddake mital ɗin kwanrod, wato sandar da ke riƙe da fistin daga ƙasa. Daƙiƙu kaɗan sun ishe shi ya gama ɓarna. BMW da kanta, lokacin da ta fitar da motarta ƙirar 2002 Turbo a 1973, sai da ta sauke kwamfureshan ɗin injin, wato yawan matsewar da fistin ke yi wa cakuɗin iska da fetur, zuwa 6.9:1 saboda tsoron wannan abin, domin a zamanin babu kwamfutar da za ta tsare injin. Naka kuwa, in dai na asali ne na 1994 mai VANOS, wato na'urar BMW da ke sauya lokacin buɗewar bawul, 10.5:1 yake. Ka riƙe wannan lambar, za mu dawo kanta.

Fara da tabbatar da injin da ke cikin motar

Motar da ta haura shekara talatin a ƙasar nan da wuya a ce ba a taɓa sauke mata injin ba. Kada ka dogara da rubutun da ke bayan but. Ka samu maganaɗisu ka manna a jikin bulok. Idan ya kama, bulok ɗin ƙarfe ne, alamar injin M50 ke nan, kuma shi ake so. Idan bai kama ba, to akwai yiwuwar an sa maka M52 na Turai mai bulok ɗin alminiyom. Waɗancan na farko-farko an shafe cikin silindarsu da wani sinadari mai suna Nikasil wanda fetur mai yawan sulfa ke cinyewa, kuma idan suka taɓa yin obahitin, zaren da ke riƙe kusoshin tof yakan saɓule. Ana yi musu turbo, amma ba zan ba mai farawa shawarar ya fara da su ba. Ka kuma duba lambar da aka buga a jikin bulok, don M50 ɗin ma akwai mai lita 2.0 akwai mai 2.5, kuma a ido kusan kamarsu ɗaya. Sannan ka kalli gaban murfin bawul: mai VANOS yana da ƙullutu a gaba ta wajen kamshaf ɗin shigar iska. Wanda ba shi da VANOS, na kafin ƙarshen 1992, kwamfureshan ɗinsa 10.0:1 ne kuma kwanrod ɗinsa sun fi kauri, shi ya sa masu turbo ke rububinsa.

Bayan haka sai awo. A nan nake so ka dage, ko da bakanike zai ce maka ya saurari injin da kunnensa ya ji lafiya lau. Kunne ba ya ganin ringi. A ɗumama injin, a cire fulogi duka shida, a kashe hanyar fetur, a taka totur har ƙasa, a auna kwamfureshan ɗin kowace silinda a rubuta a takarda. Lafiyayyen M50 yakan ba da sama da bar 11, amma abin da ya fi lambar muhimmanci shi ne daidaito: tazarar da ke tsakanin mafi girma da mafi ƙanƙanta kada ta wuce kashi 10 cikin 100. Idan ɗaya ta yi ƙasa, a zuba mata cokali ɗaya na baƙin mai ta ramin fulogi a sake aunawa. In lambar ta tashi, ringi ne suka gaji. In ba ta motsa ba, bawul ne ko gaskit. Silinda biyu maƙwabta da suka faɗi tare kuwa, galibi gaskit ne ya ƙone a tsakaninsu.

Awo na biyu ya fi wannan tona asiri. Ana kawo fistin ƙololuwa bawul duka a rufe, a hura iskar kwamfuresa cikin silinda, a ga kashi nawa ke zurarewa. Ƙasa da 10 cikin 100 madalla, sama da 20 kuwa a dakata. Daɗin wannan gwajin shi ne iskar da kanta za ta nuna maka inda take bi. Ka buɗe murfin zuba baƙin mai ka kara kunne: in ka ji huci a nan, ringi ne. In ta bakin totur take fita, bawul ɗin shiga ne. In ta salansa, na fita ne. In kuwa ka ga kumfa na tasowa a ruwan lagireto, to gaskit ne ko tof ya tsage, kuma tof ɗin waɗannan injina yana tsagewa idan an bar su sun tafasa.

Na uku shi ne matsin baƙin mai, da geji na gaske da ake ɗaurawa a jikin injin, ba fitilar dashbod ba, domin ita ba ta kamawa sai abu ya riga ya lalace. A auna bayan injin ya yi zafi sosai. Ƙa'idar da kanikawa suka daɗe suna bi ita ce aƙalla psi 10 ga kowane zagaye 1,000 na injin a minti. Idan bai kai ba, mital sun sassauta ko famfo ya gaji, kuma turbo da ke juyi sama da sau 100,000 a minti a kan siririn baƙin mai ba zai yi kwana da yawa a irin wannan injin ba.

A buɗe ƙasan injin ko a bar shi?

Idan awon nan uku suka fito da kyau, ra'ayina kada ka taɓa fistin da kwanrod. Na kamfani suna ɗaukar rabin bar ba tare da damuwa ba, muddin babu detoneshan. Idan kuma akwai shi, fistin masu tsada ma jinkirta mutuwar kawai za su yi. Akwai wani dalilin kuma: haɗa ƙasan injin aiki ne na ma'aunin da ke karanta kashi ɗaya cikin ɗari na milimita, da tsabta irin wadda garejin da ke buɗe ga ƙurar hunturu ba ya iya bayarwa. Na sha buɗe injin da aka kashe wa kuɗi masu yawa, in tarar ƙwayar yashi ta zana layi a kan mital tun daga ranar da aka haɗa shi. Injin da kamfani ya haɗa, yake kuma da lafiya, ya fi sabon haɗin da ba a auna ba.

Idan awon ya nuna ringi sun tafi, to babu makawa sai an sauke. A nan ka tabbata an buɗe bakin ringin fiye da na injin da ba shi da turbo, domin ƙarin zafi yana sa ringi ya miƙe, in bakinsa biyu suka haɗu sai ya ɓalle kan fistin. Ga silinda mai faɗin milimita 84 irin taka, ringin sama yakan so kusan milimita 0.45 zuwa 0.50, amma takardar kamfanin da ya yi ringin ita ce abin bi.

Abu ɗaya dai dole a buɗe, shi ne kaskon baƙin mai na ƙasa. A E36 aikin yana da wahala don sai an ɗaga injin an sassauta gadon da ke ƙarƙashinsa, saboda haka a yi komai a zuwa ɗaya. Na farko, notin da ke riƙe haƙorin famfon baƙin mai. Wannan noti sananne ne a injinan M50: zarensa na hagu ne, kuma yawan kai injin ƙarshen zagaye da sauke totur farat ɗaya yana kwance shi. Ranar da ya faɗo, famfo ya tsaya, injin ya buga cikin ƙiftawar ido. Tunda kana wasa da motar a fili, kai ne ainihin wanda abin ke nema. A ɗaure shi da maganin kulle zare a kuma ɗaure da waya, ko a ɗiga masa walda. Na biyu, a buɗe mital ɗin kwanrod a duba, in an ga jan ƙarfe ya fara leƙowa a sauya. Na uku, a huda kaskon a yi waldar bakin da baƙin man turbo zai riƙa dawowa ta ciki, a saman inda man ke tsayawa. A yi hudar kaskon yana ƙasa, a wanke shi tas. Masu hudawa yana jikin mota suna barin garin ƙarfe a ciki. In da hali a ƙara masa 'yan shingaye a ciki don kada mai ya gudu gefe guda lokacin da motar ke juyi.

Gaskit, kusoshin tof da maganar kwamfureshan

Yanzu mu koma kan 10.5:1. A Turai, inda ake samun fetur mai oktan 98 a gidan mai, wato mai jure matsi sosai kafin ya fashe da kansa, mutane suna ɗora rabin bar a kan wannan kwamfureshan su zauna lafiya. Fetur ɗinmu bai kai nan ba, kuma na wannan gidan mai ba lallai ya zama daidai da na wancan ba, ga zafin gari. Don haka hanya biyu ce a gabanka. Ko ka bar tof a rufe ka tsaya a bar 0.3 zuwa 0.4 tare da ja da wutar fulogi baya sosai, ko ka buɗe tof ka sa gaskit mai kauri. Na kamfani kaurinsa kusan milimita 1.75 ne. Mai milimita 3.5 yana sauke kwamfureshan zuwa ƙasa da 9:1 kaɗan. Yana da nasa aibin: motar takan ɗan yi sanyi kafin turbo ya kama, ƙonewar mai ba ta kai ta da tsabta ba, kuma sai an sake duba tayimin ɗin kamshaf da kyau tunda tof ya ɗaga. Duk da haka, ga motar da za ta sha man da aka samu a hanyar Zariya ko Abuja, ni na fi karkata ga sauke kwamfureshan ɗin. Yana ba ka sarari, ta yadda tanki ɗaya na mai marar kyau ba zai zama ajalin injin ba.

In za a buɗe, a kai tof wurin masu injin gyara a gwada shi da matsi a ga ko ya tsage, a ɗora masa miƙaƙƙen ƙarfe a ga ko ya lanƙwashe. Gaskit na ƙarfe mai hawa-hawa ba ya yafe fuska mai kaushi, yana son tof da bulok su yi sumul. Wanda aka goge da sanfefa a hannu zai yi yoyo. Kusoshin tof na kamfani irin masu miƙewa ne, sau ɗaya ake ɗaura su, kada wani ya wanke tsofaffin ya mayar maka. Ka sayi na kamfanin ARP, a ɗaure su da sifana mai auna ƙarfi, bi da bi daga tsakiya zuwa waje, a matakan da takardarsu ta faɗa.

Ruwa da zafi

Wannan ɓangaren shi ne ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, domin a nan al'adar garejinmu ta fi cutar da mota. Kusan duk E36 da ta zo hannuna sai in tarar an cire mata tamostat an jefar, an cika lagireto da ruwan rijiya, wai don kada ta yi zafi. Cire tamostat ba ya maganin obahitin, ɓoye dalilinsa yake yi. Injin da ba ya kai zafinsa na aiki da wuri yana cin silinda, ƙwaƙwalwar motar kuma tana ta ƙara fetur tana zaton har yanzu da sanyi, mai saiti kuwa ba zai taɓa samun lamba tsayayya da zai yi aiki a kanta ba. Ruwan rijiya kuma yana tara gishiri da tsatsa a hanyoyin ruwa, yana cin alminiyom ɗin tof. A mayar da tamostat, a wanke hanyoyin, a zuba kulan na gaske.

E36 an san ta da raunin kayan ruwa tun tana sabuwa, saboda roba ta yi yawa a cikinsu: farfelar famfon ruwa ta roba takan tsage ko ta saki sandarta, wuyan lagireto yakan karye, gidan tamostat da tankin ruwa su ma haka. Roba mai shekara talatin ba abin yarda ba ce. Ka sauya famfon da mai farfelar ƙarfe, ka sa sabon lagireto, in ka samu na alminiyom mai kauri ya fi, ka sabunta tiyo duka da murfin tanki. Ka gwada kulocin fanka, ka tabbata rumfar da ke kewaye da fankar tana nan, don ba ado ba ce, ita ke tilasta iska ta bi ta cikin lagireto. Ka tuna intakula, wato lagireton da ke sanyaya iskar turbo, a gaban na ruwa zai zauna, ga kuma na iyakwandishan a tsakani. Tsarin da da ƙyar yake riƙe zafi a cunkoson Kawo yanzu, ba zai riƙe ba idan an tare masa iska aka kuma ƙara masa wuta. Intakula kuwa ba abin da za a ce sai an samu kuɗi ba ne. A yanayinmu, ba na ɗora turbo babu shi.

Fetur da ƙwaƙwalwar injin

Nozul ɗin da motar ta zo da su, wato masu fesa wa injin fetur, an auna su ne don doki 192, ba su da ragowar da za ta kai ka inda kake so. Don ƙarfin da bai wuce 300 ba, masu ba da cc 440 a minti sun isa, kuma ana so kada su yi aiki fiye da kashi 80 zuwa 85 cikin 100 na iyawarsu. Ka saye su sababbi daga inda ka yarda da shi, ko a gwada su a benci a ga shidan suna zubar da mai daidai wa daida. Nozul ɗaya da ya toshe rabi ya isa ya narkar da fistin ɗaya alhali sauran biyar suna lafiya. Famfon fetur a sa sabo, irin Walbro 255, da sabuwar matata, a kuma duba wayar da ke kai masa wuta, don tsohuwar waya tana rage masa ƙarfi daidai lokacin da ake buƙata. A sauke tanki a wanke. Ragileta ɗin fetur kuma dole tiyonsa ya ga matsin iskar manifol, wato bututun da ke raba wa silinda iska, ta yadda duk abin da turbo ya ƙara, matsin fetur ma zai ƙaru da shi. Daga ranar da turbo ya hau, kai da man 'yan bumburutu kun raba gari.

Birenbos ɗin da ke motar, wato ƙwaƙwalwar injin mai suna Bosch Motronic, bai san wani abu wai shi turbo ba. Masu cewa a ɗaura kawai a taka, a nan suke kashe injin, domin zai ci gaba da ba da wuta da fetur kamar babu abin da ya sauya. Ko dai a sake rubuta masa saiti a wurin wanda ya ƙware a kansa, ko a sa wanda ake saitawa da kwamfuta, irin su MegaSquirt, Speeduino, ECUMaster, Link ko Haltech. Kafin ka zaɓi ɗaya, ka fara nemo mutumin da zai saita maka, ka sayi wanda shi ya iya. Tare da birenbos ɗin dole a sa ma'aunin cakuɗin iska da fetur mai faɗin karatu, wanda ake kira waidban, da gejinsa a gaban direba. A tafiya ta yau da kullum injin fetur yana zama a 14.7:1, wato iska kashi 14.7 ga fetur kashi ɗaya. Idan turbo ya kama, ana so ya sauko wajen 11.5 zuwa 12, domin rarar man tana sanyaya cikin silinda. In ka taka ka ga 13 ko sama, ɗaga ƙafarka nan take. Fulogi a sa masu sanyi da mataki ɗaya, a matse bakinsu zuwa milimita 0.6 ko 0.7, a kuma duba koyil shida ɗin, don wuta mai rauni iskar turbo tana hure ta.

Yadda nake yi a nawa aikin shi ne in sa sabon birenbos da waidban tun injin ba shi da turbo, mai mota ya hau ta na wasu makonni. Duk wata matsalar waya, ta tashi da safe, ta tsayuwar injin a silo, a warware ta a lokacin da kuskure ba ya kashe injin. Sai a sa nozul da famfo a sake daidaitawa. Idan ka haɗa komai rana ɗaya motar ta ƙi tashi, ba za ka san ta inda za ka fara nema ba.

Turbo ɗin da ke hannunka

Na babbar mota ba laifi ba ne a karan kansa. Holset HX35 da ke zuwa a injinan Cummins, misali, mutane da yawa sun ɗora shi a kan M50 ya yi musu aiki. Amma akwai waɗanda suka yi wa lita 2.5 girma, ba za su kama ba sai injin ya kusa ƙarshen zagayensa. Ka duba farantin da ke jikinsa ka karanto lambar. Ka kama sandar tsakiya da yatsa biyu: ɗan motsi gefe da gefe ba komai, muddin farfela ba ta taɓa bango, amma in tana shiga tana fita, sai an gyara. Babban tarkon shi ne wesget, ƙofar da ke sakin hayaƙi don kada matsi ya wuce iyaka. Na injin dizal an saita shi ya buɗe a matsin da ya zarce bar 1, wanda zai tarwatsa injinka a takun farko. Ka sa wesget na waje mai sifirin na bar 0.4 ko 0.5, kuma kada ka sa wata na'urar ƙara matsi a watannin farko. A saita birenbos ya yanke fetur idan matsi ya haura abin da aka tsara.

Baƙin man da ke shiga turbo siririn tiyo mai jure zafi yake so, wanda ke fita kuwa mai faɗi, ya gangara kai tsaye zuwa kasko ba lanƙwasa ba hawa, domin nauyinsa ne kawai ke mayar da shi. Yawancin turbo da ake cewa ya lalace yana hayaƙi, hanyar dawowar mai ce ba ta da kyau. Injin E36 a kishingiɗe yake ta ɓangaren salansa, wurin ya matse, don haka ɗora turbo a sama ya fi sauƙin samun gangara, sai dai a kare wayoyi da tiyo da murfin bawul daga zafi. Tiyon numfashin injin da ke komawa manifol a sauya masa hanya zuwa gwangwanin tara mai, in ba haka ba turbo zai hura iska cikin injin ya tura mai ta kowane sil. Matatar iska ta zama mai kyau, a wurin da ba ta shaƙar zafin salansa. Kafin tashin farko a cika turbo da mai, a juya injin babu wuta har matsi ya hau. Bayan gudu kuma a bar shi ya yi silo na minti ɗaya ko biyu kafin a kashe, a riƙa sa baƙin mai sintetik ana juye shi da wuri.

Kuloci na kamfani zai fara zamewa, ka sa shi cikin lissafi tun yanzu. Birki, taya, robar furofela da wuraren da gadon baya ke kama jikin mota duk a duba su, don E36 takan tsage a can.

Iyakar abin da zan iya faɗa daga nesa

Ban ga injinka ba, kuma lambobin da na ba ka na mafari ne. Musamman lokacin wutar fulogi, ba zan rubuta maka adadi a nan ba, kada kuma ka kwafi na wani daga intanet, domin wanda ya yi shi da man Jamus ya yi, a sanyin Jamus. Wannan sai a kan motarka, da man da kake sha, a rana mai zafi. In akwai dayno kusa, wato na'urar da ake ɗora mota a kai a auna ƙarfinta tana tsaye, ko da tafiya ce, ya cancanci kuɗinsa. In babu, a yi a hanyar da babu jama'a, mutum biyu: ɗaya na tuƙi, ɗaya riƙe da kwamfuta, kunnensa sanye da tiyon da aka haɗa da guntun bututun jan ƙarfe da aka ɗaure a jikin bulok. Ta nan ake jin ƙarar detoneshan, siririya, ƙyas-ƙyas, tun kafin kunne ya ji ta a cikin mota. Ana farawa da wuta a baya sosai, a matso da ita kaɗan-kaɗan, a tsaya nesa da inda ƙarar ta fara. Idan kuma wata rana ka so wuce doki 350, wannan wani aikin ne daban, a nan maganar bakanikenka na farko ta fistin da kwanrod za ta shigo, har da giyabos.

A wannan makon ka yi gwajin maganaɗisu, ka karanto lambar bulok da ta jikin turbo, ka auna silinda shida da matsin baƙin mai da zafinsa. Ka turo min lambobin yadda suke, sai mu ga ko tof kaɗai za a buɗe ko sai an sauke injin gaba ɗaya.